Gonar jingina na hannuna damina takwas, wa'azin jubili ya hana ni barci

Baba, barka da aiki. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Garwa a arewacin Kamaru, da mata ɗaya da yara biyar. Shekara takwas ke nan wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu ya zo mini hankali a tashe, za a yi wa matarsa aiki a asibiti. Na sayar da bijimai biyu na ba shi jaka 450, wato sefa dubu 450, shi kuma ya jinginar mini da gonarsa kar shida (kar ɗaya rubu'in hekta ne) a gaban jauro, wato mai garinmu, da dattawa biyu, a kan ranar da ya kawo kuɗin ya karɓi abinsa. Matar ta warke. Shi kuwa bayan shekara uku ya rasu, ya bar ta da yara huɗu, babban yanzu shekararsa 19. Ko dala ba a biya ni ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Watan jiya ikilisiyarmu ta yi bikin cika shekara 50. Fasto baƙo ya yi wa'azi a kan jubili, ya ce duk mai riƙe da gonar talaka ya mayar. Bai kira suna ba, amma sai da aka juyo aka dube ni. Bayan kwana uku matar ta zo gidana ta durƙusa, ta ce in dubi Allah in dubi marayu. Maiɗakina ta ce in na mayar me za mu ci, tunda rabin masarar gidanmu daga can take, kuma ko haya zan nema kar ɗaya yanzu jaka 10 ne, shekara huɗu ke nan da ya tashi daga 7. Wani dattijo ya ce in mayar duka in yafe, wani ya ce dokar Yahudawa ce, ba ruwanmu. Na kashe wajen jaka 50 na tumɓuke kututture na zuba taki, shekara ɗaya kuma ruwa ya cinye amfanin ƙaf. Bana akwai masara da auduga a ciki. Ni ban cuci kowa ba, amma tun ranar ban ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a majami'a. Dole ne in mayar? In na riƙe, na yi zunubi?

Wani manomi, yankin Garwa

Ɗan'uwana, sannu da wannan nauyi. Kafin komai ka tuna da abin da masu juyowa su dube ka suka manta: matar da ta durƙusa a gidanka, bijimanka ne suka biya mata asibiti. A ranar da mijinta yake neman taimako ruwa a jallo, kai ne ka buɗe turke. A al'adar jingina ma babu mai kama ka da laifi, domin haka ake yi, mai kuɗi ya noma gona har a dawo masa da kuɗinsa cif. Saboda haka ka cire wa kanka rigar ɓarawo, ba taka ba ce. Amma ba zan ce maka rashin barcin nan banza ne ba. Ina ganin zuciyarka ta riga kanka gane wani abu, kuma abin lissafi ne. Mu bi shi a hankali.

Mu nan mun mai da jubili atamfar anko da shinkafa da naman biki, alhali a Littafin Firistoci sura 25 maganar gona ce daga farko har ƙarshe. An ce Isra'ilawa su ƙirga shekara bakwai sau bakwai, 49 ke nan, sa'an nan a rana ta goma ga wata na bakwai, ranar kafara, a busa ƙaho ko'ina a ƙasar, a keɓe shekara ta hamsin. Kalmar ma daga ƙahon ragon nan ta samo asali, wanda ake ce wa yobel da Ibrananci. A shekarar ba shuka, wanda talauci ya sa ya sayar da kansa ga ɗan'uwansa ya koma gida, kowa kuma ya koma gonar gādonsa. Dalilin yana aya ta 23: ba za a sayar da ƙasa har abada ba, domin ƙasar ta Allah ce, mutane baƙi ne a wurinsa. Yafe bashin kuɗi kuwa, wanda masu wa'azi kan haɗa da jubili, a wani wuri yake, Maimaitawar Shari'a 15, kuma shi duk shekara bakwai ne.

Dattawan nan naka biyu, kowannensu ya kama ƙafa ɗaya ta gaskiya. Wanda ya ce ba ruwanmu yana da hujja. An ba da dokar ga al'ummar da a zamanin Joshuwa aka raba wa ƙasa kabila kabila, gida gida, kuma tana da iyakokinta, har gidan da ke cikin birni mai garu shekara ɗaya tak aka ba mai shi ya fanshe, in ta wuce ya tafi ke nan. Manzanni da suka zauna a Urushalima, a Ayyukan Manzanni 15, ba su ɗora wa al'ummai shari'ar Musa ba. Don haka ga amsar tambayarka ta farko kai tsaye: babu wata doka da ta ce don ikilisiyarku ta cika shekara 50 sai ka saki gona. Amma a ce ba ruwanmu gaba ɗaya, nan ya zame. Ranar da Yesu ya tashi a majami'ar Nazarat, a Luka 4, littafin Ishaya aka miƙa masa, ya karanta wurin da ke maganar bishara ga matalauta da sakin ɗaurarru da shekarar alherin Ubangiji, ya ce yau wannan ya cika. Ranar busa ƙaho ba ta kanmu, amma halin Allah da ya sa aka busa shi bai canja ba: ba ya so rashin lafiya ɗaya ko fari ɗaya ya raba gida da abin nomansa har jikoki.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe ka karanta da kanka, Littafin Firistoci 25 ɗin nan, aya ta 14 zuwa 16, sai kuma 25 zuwa 28. Wa'azi ba kasafai yake tsayawa a nan ba, ga shi kuwa nan ne maganarka take. An ce in mutum zai sayar da gona, a yanka kuɗinta gwargwadon shekarun da suka rage kafin jubili. In shekarun na da yawa kuɗin ya hau, in kaɗan ne ya sauka, domin abin da ake sayarwa yawan girbi ne. In kuma mai gonar ya samu hali yana son ya fanshe ta, ba duka kuɗin zai mayar ba. Za a ƙirga shekarun da mai saye ya ci, a cire, ya biya abin da ya rage. Ka ga bambancinsa da jinginarmu? A tamu, ko ka noma gona damina talatin, bashin yana nan daram kamar ranar farko. A ta Littafin Firistoci kowane girbi yana cin wani yanki na bashin, har ya ƙare. Dokar ba ta ce mai kuɗi ya yi asara ba. Cewa ta yi kada ya ci sau biyu, ya ci amfanin gona ya kuma ci kuɗinsa cif.

To mu ɗauki alƙalami, da lambobin da kai ka bayar. Ba da dukan buhunan da ka kwasa za a yi lissafi ba, domin iri naka ne, taki naka ne, gumi naka ne. Rabon ƙasa kaɗai za a ƙirga, wato abin da da ka biya in haya ka kama. Damina huɗu na farko, kar shida a jaka 7, jaka 42 ke nan a shekara, jimla 168. Damina huɗu na baya a jaka 10, 60 a shekara, jimla 240. Ka haɗa, 408. Ka cire daga 450, saura jaka 42. Sai mu yi maka adalci kai ma. Shekarar da ruwa ya ci amfanin, mai haya dai biya yake yi ko ya girbe ko bai girbe ba, amma tunda nassin girbi yake ƙirgawa, mu mayar maka da 60, ya zama 102. Aikin kututture da taki zai bi gonar ya amfani masu ita, mu ƙara 50, ya zama 152. Ashe abin da kake bin gidan marigayin, a mafi yawa, jaka 152 ne, a mafi ƙaranci 42. Dutsen jaka 450 da ya tsaya tsakaninka da matar nan, wanda ta san ba za ta iya ɗagawa ba ko da wanki da surfe za ta yi har tsufa, yawancinsa ka riga ka karɓa a rumbu.

Na san abin da za a ce: ai ba haka aka yi alkawari ba, kuma bijiman da ka sayar da suna nan da yanzu sun fi haka daraja. Gaskiya ne, shi ya sa babu mai tilasta maka wannan lissafi, ba matar ba, ba fasto ba. Amma ka sa shi kusa da aya ta 35 zuwa 37 na surar jubilin, inda aka ce in ɗan'uwanka ya talauce ka tallafe shi, kada ka karɓi riba a hannunsa. Duk daminar da ka noma bayan bashin ya ƙare a lissafi, sunanta riba, ko da al'ada ta ba ta wani suna. Irin wannan ne ya faru a Nehemiya 5. Yunwa da harajin sarki suka sa mutane suka jinginar da gonakinsu ga 'yan'uwansu, kuma kukansu shi ne ba su da ikon fansar ko 'ya'yansu tunda gonakin na hannun wasu. Nan matsalar jingina take: abin da mai bashi zai noma ya biya, shi ne aka riƙe. Shi ya sa Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina. Ga amsar tambayarka ta biyu a ganina: abin da ya wuce ba zunubi ba ne, taimako ne bisa al'adar da ka tarar. Amma yanzu da lissafin ya fito fili, ka ci gaba da riƙe gonar duka kana jiran jaka 450 daga hannun gwauruwa, wannan ba zan iya wanke maka shi ba.

Maiɗakinka fa, kada ka kuskura ka ɗauke ta a matsayin mai hana alheri. Ita ke auna masara da kwano, ita ta san watan da rumbu ke ƙarewa. Tambayarta, me za mu ci, tana cikin surar jubilin kanta, aya ta 20, kuma Allah bai tsawata wa masu yin ta ba, amsa ya ba su. Bulus ma da yake tara gudummawa ya ce a 2 Korantiyawa 8:13 ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata muku ba, daidaito ake nema, sa'an nan 1 Timoti 5:8 ba ta yi wa wanda ya ƙi kula da iyalinsa da sauƙi ba. Don haka mutum na farko da za ka zauna da shi ita ce, ba dattawa ba. Ku biyu, da dare bayan yara sun kwanta, da takarda. Ku rubuta buhu nawa gonar ke kawowa, nawa gidan ke ci, nawa ake sayarwa don makaranta a watan Satumba. Ku duba kar nawa za ku iya kamawa haya a wani wuri da kuɗin audugar bana. Alherin da aka yi a bayan idon mace yakan dawo ya zama rigimar cikin gida, kuma marayun ne za su sha harara.

Ita ma matar marigayin ka duba mata. Wadda ta yi shekara biyar ba ta buɗe baki ba, sai da ta ji wa'azi ta samu ƙarfin zuwa, ba mai neman cin banza ba ce. Ga ɗa ya kai shekara 19, ƙarfi ya zo, ba wurin kafa garma. Yaro irin wannan in bai samu gona ba, gari zai shiga neman acaba ko dako, gidan kuma ya rasa mai noma. Sai dai bashi bashi ne, Zabura 37:21 ta ce mugu ne ke ci ya ƙi biya, kuma bai kamata a koya wa yaron cewa durƙuso na goge alkawarin uba ba. Abin da lissafin nan zai ba su ya fi sadaka: za su karɓi gonar da kai a ɗage, a matsayin waɗanda ƙasarsu ta biya musu bashi, ba waɗanda aka ji tausayinsu ba.

Hanyoyin da ke gabanka uku ne. Kana iya sakin gonar duka bayan girbin bana ka yafe saura, in lissafin gidanka ya ɗauka. Wannan shi ne mafi kyau in da hali, amma kada ka yi shi don idon jama'a, domin abin da aka bayar da cizon yatsa ba ya daɗewa bai zama gori ba. Kana iya riƙe ta duka damina biyu nan gaba, jaka 120 ke nan, ka yafe 32, da ranar saki a rubuce. Wannan ya fi yi wa gidanka sauƙi, amma yaron zai ƙara shekara biyu a zaune. Ni abin da zan ba ka shawara shi ne na tsakiya: ka saki kar huɗu bana, ka riƙe biyu damina uku, wato jaka 60, sauran ka yafe. Su sun samu abin nomawa nan take, kai kuma gidanka ya sauka a hankali, ba faɗuwa ɗaya ba. In aka zo rabo, kada ka zaɓi wurin da ka zuba wa taki kaɗai ka bar musu tsandauri. Ku taka gonar tare da yaron, a ja layi yadda kowa zai samu mai kyau da marar kyau.

Lokaci na da muhimmanci. Amfanin da ke tsaye naka ne, ba a miƙa gona da shuka a kanta. Ka cire masararka, ka tsince audugarka, ka jira Sodecoton, kamfanin da ke sayen auduga, ta auna ta cire bashin taki da magani, don kada wani nauyi ya bi gonar zuwa hannun yaron ko ya faɗa kan 'yan ƙungiyar manoman auduga da suka tsaya maka. Amma maganar kanta kada ta jira. Cikin makon nan ka taka da ƙafarka zuwa gidanta, kai da maiɗakinka, ka gaya mata abin da kuka yanke. Ita ta zo ta durƙusa sau ɗaya, ya isa. Miƙawa kuwa a yi ta a watan Fabrairu ko Maris, don yaron ya samu sharar gona kafin ruwan farko.

A inda aka ɗaura, nan ake kwancewa. Jauro da dattawan nan biyu da suka shaida jinginar su ne za su shaida saki. A rubuta takarda: kuɗin asali, lissafin da aka yi, kar nawa aka saki da iyakokinsu, kar nawa suka rage da shekarar da za su koma, da cewa bayan haka babu sauran bashi. In da Faransanci aka rubuta, a karanta wa matar da Hausa ko Fulatanci har ta gane, kowa ya sa hannu ko yatsa, a yi kwafi uku, naka, nasu, da na jauro. Annabi Irmiya ma da ya fanshi gonar danginsa a Anatot, a sura 32, sai da ya rubuta takarda ya kira shaidu aka adana ta cikin tukunyar ƙasa. Abin da ya fi lalata irin wannan alheri shi ne dangin miji. Gonar da ba wanda ya kula da ita tana hannunka, ranar da ta dawo sai ka ga baffannin yara sun tuna gādo ne. Don haka a gayyaci babba a cikinsu ya zauna a wurin, a rubuta a gabansa cewa gonar ta koma ga 'ya'yan marigayi, uwarsu na kula da ita, shi ma ya sa hannu. Takardar jauro ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ƙarfi ba, amma a rigimar ƙauye ita ce ake fara tambaya.

Abu na biyu da ke ɓata shi, a ba mutum gona ba abin noma. In damina ta faɗi yaron ba iri ba shanu, kafin Yuni ya sake jinginar da ita ga wani, wanda wataƙila ba zai yi rashin barci irin naka ba. Maimaitawar Shari'a 15:13 da 14 ta ce in za ka saki bawa kada ka sallame shi hannu wofi, ka ɗebar masa daga garke da masussuka. A wajenka wannan ba ya wuce irin masara na kar biyu, da aron shanun huɗa na kwana biyu, da sa shi cikin ƙungiyar manoman auduga in yana so. Nan ne kuma ikilisiya za ta shigo. Dattijon da ya ce ka yafe duka, a tambaye shi da ladabi buhun taki nawa zai sa. Wa'azin jubili ga jama'a duka aka yi shi, bai kamata mutum ɗaya ya biya kuɗinsa ba. Matasa su yi wa yaron gayya ranar noman farko, zumuntar mata su duba uwar.

In ka saki, ka saki. A Irmiya 34, zamanin sarki Zadakiya, mutanen Urushalima sun 'yantar da bayinsu da alkawari a Haikali, daga baya suka sake kamo su, kuma fushin Allah a kan komawar ya yi tsanani ƙwarai. Kama gona a karo na biyu ba sai da garma ba. In ka fara aiken yaron kamar baranka, ko kana jiran buhun godiya duk kaka, ko kana ba da labarin a kowace majalisa, ka sake riƙe ta ke nan. Kada a yi sanarwa a majami'a, kada a kira ka gaba a tafa maka, domin tafin da za a yi maka kunyar matar ce. Faston ku kaɗai ka gaya wa, kuma ka gaya masa a fili cewa kallon da aka yi maka ranar biki ya yi maka ciwo, don ya san yadda zai ja kunnen jama'a.

Jibin Ubangiji kuwa, Matiyu 5:23 da 24 ba ta ce ka guji bagade har abada ba. Cewa ta yi ka je ku shirya da ɗan'uwanka, sa'an nan ka dawo ka miƙa baikonka. Ba sai takarda ta kammala ba, ba sai an auna auduga ba. Da zarar kun je gidanta kai da maiɗakinka kun faɗa mata kar nawa da wata nawa, ranar jibi ta gaba ka miƙa hannunka ka karɓa.